Lamba Bakwai a Filin Zugu

Cikin duk shekarun da na yi a bakin filin ƙwallon kwando, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce Asabar ɗin da muka je Djougou wasan ƙarshe na gasar makarantun arewa, a shekarar da Koci Idrisu zai ajiye aiki. Ku matasan da kuke horar da yara yanzu kun roƙe ni in rubuta wani abu a kansa tun da Allah ya karɓi abinsa. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ni ba mai dogon karatu ba ne, shi kuma mutum ne da ba ya son yabo. Abin da na gani da idona kawai zan faɗa.

Ni sirbeyan ne a kwalejinmu na Parakou, wato mai kula da shiga da fitar ɗalibai da ladabinsu. Lokacin da na fara aiki ban san komai game da kwando ba. In an tashi daga lakwal, wato makaranta, nakan tsaya a inuwar mangwaro ina kallon yara suna gudu. Wata rana Koci ya miƙo mini littafin sunaye ya ce, "Malam Sule, tunda ba ka da niyyar tafiya gida, riƙe wannan." Haka na zama mataimakinsa, fiye da shekara ashirin. Ni ke riƙe lisansin yara, katin da ke nuna cewa yaro ɗalibinmu ne. Ni ke cika takardar wasa, ni ke lura da laifin da kowane yaro ya yi, don wanda ya yi biyar ya fita ke nan.

Koci haifaffen zangon Djougou ne, garin da tsofaffinmu ke kira Zugu. Mahaifinsa, Alhaji Haruna, bafataken shanu ne da ya zo daga Nijar ya zauna. Ya so ɗansa ya bi shi kara, kasuwar shanu, ɗan ya bi lakwal har ya zama malamin motsa jiki. Da aka turo shi Parakou, filinmu jar ƙasa ce. Zoben farko wani mai walda ne a unguwar Titirou ya lanƙwasa masa da ƙarfen gini, matarsa ta saƙa ragar. Ya yi shekara talatin da wani abu a filin nan. Yaransa sun zama likitoci, sojoji, direbobin kamiyo, wato manyan motocin kaya, wasu kuma su ne ku. Ya kai wasan ƙarshe ba sau ɗaya ba, amma kofin bai taɓa shigowa Parakou a hannunsa ba. Bai taɓa cewa abin yana damunsa ba. Sai dai a ofishinsa akwai wani kanta da ya bari babu komai a kai, kuma kowace Litinin yana goge shi.

Da Faransanci yake horarwa, domin yaranmu haɗe suke: Baatonu, Dendi, Fulani, 'yan kudu, da namu Hausawa. Kuma ya san sunan kowa. Yaro ya zo sau ɗaya, Koci ya riƙe sunansa da na ubansa da unguwarsu. Mutum ɗaya ne bai taɓa kiran sunansa ba: ɗansa na fari.

Yaran yanzu ba duka suka san nauyin wannan ba. A gidajen da aka riƙe al'ada, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya zama hira da shi. Ga shi kuma sunan mahaifin Koci aka sa wa yaron, Haruna. Kunya biyu ta haɗu a kan suna ɗaya. Da yaron ya shigo kwaleji ya ce yana son kwando, Koci bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni na rubuta shi, ni na ba shi riga. Mai lamba bakwai ce ta rage a jaka.

Tun daga ranar ya zama Bakwai. Duk sauran maganar fili da Faransanci ake yi, wannan kalma ɗaya ce ta Hausa. A Parakou 'yan kallo da Dendi ko Faransanci suke ihu, saboda haka in ka ji "Bakwai!" ka san daga baki ɗaya ta fito, kuma kunne ɗaya take nema. Haruna ya zama mai raba ƙwallo. Ga wanda bai san wasan ba: mutum biyar ne a kowane ɓangare, mai rabawa shi ke taho da ƙwallo daga baya, shi ke zaɓen wanda zai ba. Koci ba shi da izinin shiga fili, yana bakin layi, don haka mai rabawa shi ne kunnensa a ciki. Haruna ba ya ma waiwayowa. Daga yadda uban ya ja kalmar yake gane abin da ake so. In ya datse ta, a yi sauri. In ya ja ta, a tsaya a shirya. In ya faɗa sau biyu, akwai mutum a bayanka.

Ko a lokacin hutu, yaron yana tsaye a gabansa, sai Koci ya dube ni ya ce, "Malam Sule, faɗa wa Bakwai ya daina tsayawa a gefen hagu." In juya in faɗa wa yaron abin da ya riga ya ji. Shi kuma ya ce, "To, Mushe," wato Malam da Faransanci. Sauran yara tun suna dariya har suka saba.

A waccan shekarar Haruna yana ajin ƙarshe, Koci kuma takardar ritayarsa ta iso. Kowa ya san wannan ne zuwansu na ƙarshe, su biyun. In kofin bai zo ranar ba, ba zai zo ba.

Mun tashi da safe a motar haya, muka isa kafin azahar. Ƙarfe huɗu aka sa wasan, a buɗaɗɗen filin siminti. Ƙungiyar Djougou tana da dogayen yara, 'ya'yan manoma daga Sérou da Bariénou, amma ba su ne suka dame mu ba. Tun muna sauka daga mota na ji kalangu.

Gwanin 'yan wasansu ɗan mahauci ne daga zango, shi ma lamba bakwai yake sawa. Mahautan garin sun rufe tebur da wuri, sun zo da makaɗansu, sun cika gefe guda. Da yaron ya taɓa ƙwallo sai kalangu ya ɗauka, mutane su amsa: "Bak-wai! Bak-wai!" Da Hausa, da murya ɗari.

Na dubi Koci. Shi ma ya ji.

Kashi huɗu ake yin wasan, kowane minti goma. A kashi na farko Haruna ya yi ta waiwaye. Ya ji kalmar daga dama ya juya, ya ji ta daga baya ya tsaya. Sau uku aka ƙwace ƙwallo a hannunsa, abin da ban saba gani ba. A kashi na biyu ya yi abin da kowane mai hankali zai yi: ya toshe kunnensa daga kalmar gaba ɗaya. Daga nan ya daina jin 'yan kallo, ya daina jin ubansa kuma. Koci yana ihu har jijiyar wuyansa ta tashi, yaron yana wucewa ta gabansa kamar ba a yi ba. Muka tafi hutun rabin lokaci suna gabanmu da maki goma sha ɗaya.

Wani mahauci ya leƙo ta bayan bencinmu ya ce, "'Yan Parakou, wasa kuka zo ko sayen wake?"

Da yara suka zauna shan ruwa na ja Koci gefe.

"Koci, yaron nan ba ya jin ka."

"Na gani."

"To a sake masa kira. Ka faɗi lambar da Faransanci, ka ce Set."

"Kocinsu da me yake kiran nasa? Ba ka ji ba?"

Gaskiya ne, da Faransanci wancan yake kiran lambar.

"A gida ai Baba ake ce masa," na ce.

Ya ɗaga kai ya dubi taron. "Malam Sule, a Zugu muke. In na ce Baba, rabin mutanen nan za su amsa, har da mai sayar da rake." Ya ɗan yi murmushi, sannan murmushin ya tafi. "Ko wannan ɗin ma ban taɓa ce masa ba."

Na san abin da zan faɗa ba ƙarami ba ne.

"Ka kira sunansa. Sau ɗaya. Allah ya san ba raini ba ne."

Da haɓa ya nuna mini layin kujerun gaba, inda aka zaunar da manya. Akwai wani tsoho mai farin rawani, sanda a tsakanin gwiwoyinsa.

"Ka ga wancan? Baffana ne, ƙanen mahaifina. Shi ya raɗa wa yaron suna. Bai taɓa zuwa kallon ƙwallo ba sai yau." Ya miƙo mini gorar ruwa. "Kai ka kira shi. Zan faɗa maka, ka faɗa masa."

Haka muka yi kashi na uku. Koci ya ce, "Ya rage gudu," ni in ɗaga murya, "Haruna, rage gudu!" Amma muryata siririya ce, ba ta saba da fili ba. Kuma a wasan nan abin da ido ya gani yanzu, kafin ya bi ta baki biyu ya riga ya wuce. Kafin kashin ya ƙare muryata ta dushe. Mahautan suka gane, suka fara kwaikwayona. Wani ya ce, "Malam, a kawo maka zuma?"

Abin da ya cece mu Sabi ne, dogon yaronmu Baatonu da ke tsayawa ƙarƙashin kwando. Ranar duk ƙwallon da ta fito daga zobe a hannunsa take sauka. Haruna kuma ya dawo cikin hankalinsa, ya koma yin wasa da idonsa kaɗai. A hankali muka rage ratar. Koci ya nemi tan-mor, ɗan hutun minti ɗaya da koci ke da izinin nema don ya yi wa yaransa magana. Sau uku kawai aka yarda a rabi na biyu, kuma saboda rashin jin nan ya ƙarar da su duka tun da sauran lokaci.

Saura daƙiƙa tara, suna gabanmu da maki ɗaya, ƙwallo a hannunmu. Jefawa ɗaya ta isa, domin maki biyu ce.

Sabi ya miƙa wa Haruna daga layin baya. Haruna ya taho ta dama, ta gefen bencinmu, ya wuce mutum ɗaya, ya ƙetare tsakiya. Hanya a buɗe take gabansa. Abin da bai gani ba shi ne ɗan mahaucin nan, Bakwai ɗinsu, ya biyo shi ta baya a guje, hannu a miƙe.

Koci ya ce, "Bakwai! Bakwai!"

Kalangu ya haɗiye ta.

Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Sai na ji daga gefena, da wata murya da ban san Koci da ita ba:

"Haruna!"

Yaron ya tsaya cak. Ya kama ƙwallon da hannu biyu ya rungume ta a ƙirji. Ɗan mahaucin ya kai hannu ya sami iska, ya wuce har ya kusa faɗuwa. Kiran ya yi aikinsa, ƙwallo tana hannunmu, saura daƙiƙa huɗu, Sabi yana ƙarƙashin kwando shi kaɗai yana ɗaga hannu yana ihu.

Amma Haruna bai dubi kwando ba. Ya juyo gaba ɗaya ya dubi ubansa.

Tsakaninsu bai fi taku biyar ba. Ina tsaye a wurin. Fuskar yaron ba ta ɗan wasa ba ce a lokacin, ta ƙaramin yaro ce da aka tashe shi daga barci. Koci ya ɗaga hannu zai nuna masa kwando, hannun ya tsaya a hanya. Haka suke har usur ɗin teburin alƙalai ya tashi, lokaci ya ƙare.

Mahauta suka cika fili. Ni na tattara lisansi, na je na sa hannu a inda ake sawa, domin aikin ba ya jiran zuciyar mutum. Da na dawo na tarar Koci ya tsallaka wurin kujerun manya, ya cire hularsa ta wasa ya durƙusa gaban tsohon. Na tsaya daga baya kaɗan.

"Idrisu."

"Na'am, Baffa."

"Yau na ji sunan yayana da ƙarfi a garin nan."

"A yafe mini, Baffa."

Tsohon ya daɗe yana juya sandarsa. "Haka tsohuwarmu take kiransa in ya daɗe a kara. Muryarta ka ɗauko, ban sani ba sai yau." Ya share ido da bakin rawani. "Tashi. Yaranka suna jiran ka."

Muka shiga mota muka kama hanya. Mun yi nisa kaɗan Sabi ya kasa haƙuri, ya juya kujerar baya yana kuka yana cewa, "Ina nan ni kaɗai! Ka gan ni! Me ya sa ba ka ba ni ba?" Haruna ya sunkuyar da kai. Wasu suka fara sa baki. Koci yana kujerar gaba kusa da direba, bai juyo ba, ya ce da Faransanci, "A bar shi. Kuskuren benci ne." Ba wanda ya ƙara. Muka tsaya a wani ƙauye muka yi magariba. Uban yana sahun gaba, ɗan yana na baya, kamar kullum.

Na daɗe ina ganin laifina ne, tunda ni na ba da shawarar. Ranar da ya zo miƙa mabuɗan ɗakin kaya na faɗa masa haka. Ya ce, "A'a, Malam Sule. Shekara bakwai ina koya masa jin kalma ɗaya. Ranar da na canza, na zaci kunnensa kawai zai ji." Ya tsaya yana duban filin. "Da na yi tun yana ƙarami, da ranar ya jefa." Ban taɓa jin ya ƙara tayar da maganar ba.

Bai sake kiran sunan ba kuma. Haruna ya ci jarrabawarsa, ya tafi Cotonou, ya sami aiki a wurin masu jigilar kaya zuwa Niamey. Ya yi aure, ya haihu. Koci ya zauna gidansa a Titirou. In na je gaishe shi da yamma, sai mun gama zancen ƙwallo da na ruwan sama, sannan ya ce, kamar abin bai dame shi ba, "Bakwai ya bugo maka kwanan nan?" In ce ya bugo. "Lafiya dai?" In ce lafiya. Wani lokaci in ce, "Ga waya, in kira maka shi?" Ya ce, "Bar shi, yana aiki." Amma idonsa yana kan wayar har in mayar da ita aljihu. Haruna shi ma haka. Ya bugo mini ya ce, "Baba Sule, yaya jikin tsoho?" alhali yana da lambar uban.

Bara da damina Koci ya kwanta, kwana shida kawai. Haruna yana can wajen iyakar Nijar da kaya, hanya ta lalace. Ya iso bayan an dawo daga maƙabarta.

Ranar addu'ar uku, da mutane suka ragu, ya zo ya zauna kusa da ni a tabarma. Ya zama babban mutum, har da furfura kaɗan a gemu. Can ya ce:

"Baba Sule, zan tambaye ka wani abu, kada ka yi mini kara."

"Ina jin ka."

"Ranar Zugu. Ya faɗa, ko ni na ji a kaina?"

Na dube shi.

"Shekara da shekaru ina juya abin," ya ce. "Ga kiɗa, ga ihu, kai ma kana ta kira na tun kashi na uku. Wani lokaci in ce shi ne. Wani lokaci in ce kai ne, ni na so ya zama shi, na jawo mana asarar kofi a banza. Na so in tambaye shi. Ta ina zan fara?"

"Muryata ta mutu tun kafin lokacin," na ce. "Shi ne. Kafaɗarsa tana taɓa tawa."

"Ka tabbata?"

"Na ga ya je ya durƙusa wa Baffansa a kai."

Bai san wannan ba. Yana cikin mota a lokacin, kansa a cikin riga. Na ba shi labarin abin da tsohon ya ce, kalma bayan kalma. Ya rufe fuska da hannu biyu. Na bar shi. Da ya ɗago ya ce, "Yaya ya faɗe shi? Faɗa mini yadda ya faɗa."

Na gwada a zuciyata, na ga ba zan iya ba. Na ce masa, "Da dukan ƙarfinsa."

Ya gyaɗa kai. Ya ce wannan ya ishe shi.

Abin da ranar ta koya mini game da aikinmu ba shi da yawa, amma ban same shi a wani kwas ba. Koci yana tsaye a waje, ba ya taɓa ƙwallo. Duk abin da ya mallaka shi ne muryarsa da kunnen yaro. Muna ɓata lokaci wajen koya wa yara tsare-tsare, ba ma tambayar kanmu abin da yaron yake jira ya ji daga bakinmu. Akwai abin da in ka riƙe shi ya daɗe, ranar da ka sake shi ya fi ƙarfin wasa.

Ba na cewa Koci ya yi kuskure da ya riƙe al'adar gidansu. Mutanen zamaninsa haka suka iya so, da aiki da tsayuwa a rana, ba da baki ba. Ni ma haka aka rene ni. Amma ku da kuke da yara a hannunku yanzu, naku da na mutane, kada ku jira saura daƙiƙa huɗu.

Allah ya jiƙan Koci Idrisu, ya sa ya huta. Ɗansa ya koma Cotonou da tabbacin an kira shi.